Muhawara: Dandalin Jamhuriya na Faris, daga shataletalen motoci zuwa filin jama'a

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum, malamai da iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina so in kawo maganar wani dandali da ke birnin Faris, wanda Faransawa ke kira Place de la République, wato Dandalin Jamhuriya, domin aikin da aka yi masa ya cancanci mu tattauna shi a tsanake. Fili ne babba, ya kai hekta 3.4, tsawonsa kimanin mita 280, faɗinsa kuma 120, yana daidai mahaɗar gundumomi uku na birnin, ta 3 da ta 10 da ta 11. Duk da wannan girma, kafin a gyara shi ba wurin da mutum zai yi sha'awar tsayawa ba ne. Motoci sun cinye kusan kashi biyu cikin uku na filin, suna zagaya babban mutum-mutumin da ke tsakiya dare da rana, an bar wasu ƙananan lambuna biyu a dama da hagu waɗanda sai ka tsallaka layukan motoci kafin ka isa gare su. Da yake isa wurin na da wuya, iyalai suka daina zuwa, lambunan suka lalace, suka zama makwancin waɗanda ba su da matsuguni.

Magajin garin Faris na lokacin, Bertrand Delanoë, ya sa aka yi gasar zane, ofishin masu zanen gine-gine na TVK, na Pierre Alain Trévelo da Antoine Viger-Kohler ya yi nasara, aka buɗe sabon dandalin ranar 16 ga Yuni, 2013, bayan an kashe kimanin Yuro miliyan 24. An soke shataletalen gaba ɗaya, aka tura motoci su bi ta gefe uku, gefen arewa maso gabas kuma aka bar shi ga masu tafiya a ƙafa da kekuna da bas-bas da tasi. Sakamakon haka aka sami shimfiɗa guda ta kusan hekta 2 wadda ta haɗe da gine-ginen da ke wancan gefen, har mutum yana iya isa gindin mutum-mutumin ba tare da ya yi tsere da mota ba. A ganina wannan haɗewar ce ta ceci dandalin, ba kwalliyar da aka yi masa ba. Ina son jin ra'ayinku, musamman injiniyoyinmu.

Injiniya Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, ɗana, ka kawo magana mai amfani. Ni dai rayuwar aikina a kan tituna ta ƙare, saboda haka tambayata ta farko ita ce: motocin ina suka tafi? Manyan tituna ne ke haɗuwa a wannan wuri, irin su Voltaire da Magenta da Saint-Martin da Temple, kuma kowannensu yana zubo ababen hawa daga wani sashe na birnin. Mota ba ta ɓacewa don wani ya ja layi a takarda. Idan ka toshe mata nan za ta ɓullo ta can, kuma sau da yawa inda take ɓullowa ƙananan tituna ne na cikin unguwa, inda yara ke wasa kuma babu mai zuwa ɗaukar hoto. Ina tsoron aikin da yake ƙawata wuri ɗaya ya kwashe hayaƙi da hayaniya ya kai ƙofar talaka.

Ɗan Damagaram:
Baba Injiniya, tambayarka ce ainihin abin da masu adawa da aikin suka riƙa faɗa tun kafin a fara, kuma direbobi sun yi ƙorafin cunkoso sosai a lokacin aikin da bayansa. Sai dai akwai abubuwa biyu da suka sa birnin ya iya ɗaukar nauyin. Na farko, ba a hana motoci wucewa ba, an dai canja musu hanya ne, suna bi ta gefen kudu maso yamma masu zuwa da masu komawa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, a ƙarƙashin dandalin akwai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa inda layuka biyar ke haɗuwa, na 3 da 5 da 8 da 9 da 11. Yawancin mutanen da ke ratsa wurin kullum dama ba a mota suke zuwa ba, daga ƙarƙashin ƙasa suke fitowa, kuma a cikin birnin Faris kusan gida ɗaya cikin uku ne kawai ke da mota. Ke nan tsohon tsarin ya ba 'yan tsiraru mafi yawan filin, ya matse masu rinjaye a bakin titi.

Injiniya Mai Ritaya:
To, a nan ne maganar take. Layuka biyar na jirgi a ƙarƙashin ƙafarka ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda zai yaba wannan aiki ya wajaba ya ambaci wannan kafin ya ambaci daɓe da fitilu. Birnin da jama'arsa suka dogara da A Daidaita Sahu da ƙananan bas-bas, idan ya rufe mahaɗa irin wannan ba tare da ya tanadi inda za a sauke fasinja da inda za a ɗauka ba, zai wayi gari ya tarar an kafa tasha a bakin filin, kuma ba laifin direbobin ba ne. Ban ƙi ra'ayin ba. Abin da na ƙi shi ne a ɗauko hoton ƙarshe a bar sharuɗɗan da suka sa ya yiwu.

Mai Tsara Birane, Abuja:
Ranka ya daɗe Injiniya, akwai hanyar da za ta rage maka wannan fargaba, kuma an gwada ta a New York. A watan Mayun 2009, lokacin da Michael Bloomberg ke magajin gari kuma Janette Sadik-Khan ke shugabantar sashen sufuri, an rufe titin Broadway a dandalin Times daga titi na 42 zuwa na 47, amma ba a fasa kwalta ko taku ɗaya ba. Fenti aka shafa, aka jera durom-durom na roba, aka zuba kujeru masu naɗewa masu arha, aka ce gwaji ne na 'yan watanni, idan bai yi ba a kwashe. An auna tafiyar tasi ta na'urorin da ke jikinsu, an ƙidaya haɗurra, aka ga raunukan da masu tafiya a ƙafa ke samu sun ragu da kashi 35 cikin ɗari. Sai a Fabrairun 2010 aka ce rufewar ta zauna, ginin dindindin da kamfanin Snøhetta ya zana kuma bai kammala ba sai 2017. Faris ta zaɓi ta shiga da manyan kuɗi kai tsaye bayan tuntuɓar mazauna unguwannin, New York kuma ta fara da abin da za a iya gogewa. Ga birnin da kuɗinsa ba su da yawa, hanya ta biyu ta fi hankali, domin idan an yi kuskure fenti kawai aka yi asara.

Injiniya Mai Ritaya:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A ƙidaya kafin a rufe, a ƙidaya bayan an rufe, har da titunan da ke kewaye, sannan a buga alƙaluman kowa ya gani. Ina kuma tunatar da ku cewa a watan Mayun 2017 wani direba ya kutsa da mota cikin masu tafiya a dandalin Times, ya kashe mutum ɗaya ya raunata da dama, bayan nan ne aka ƙara turakun ƙarfe. Duk inda aka tara jama'a a gefen titi, kariyar bakin filin ba ado ba ce.

Malama 'Yar Katsina:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun farko, kuma ina neman izinin iyayenmu in karkata ta zuwa wani ɓangare da ba a taɓa ba tukuna. Duk hotunan wannan dandali da na gani, abin da ya fara zo mini shi ne rana. Shimfiɗa ce ta falalen kankare masu launin toka, mai faɗin gaske, kuma duk da an ce akwai itatuwa sama da 150, a layi suke ta gefe-gefe, tsakiyar kuwa tsirara take. Su kansu mutanen Faris sun yi wannan suka, suna cewa an cire ciyawa da tsofaffin maɓuɓɓugan ruwa an maye su da dutse. Ranar 25 ga Yuli, 2019, zafin birnin ya kai digiri 42.6 a ma'aunin Salsiyos, wanda ba a taɓa rubuta irinsa a can ba. Abin da ya zama musu abin tarihi shi ne abin da muke gani a watan Afrilu kusan kowace shekara.

Kankare yana shan zafin rana tun safe, ya riƙa amayar da shi har bayan isha'i, saboda haka filin da ba shi da inuwa ba na masu tafiya ba ne ko da an kori motoci duka, domin daga hantsi zuwa la'asar ba wanda zai iya zama a kansa. Magabatanmu sun san wannan. Duk wanda ya san ƙofar fada a garuruwanmu ya san durumi ko ceɗiya da dattawa ke zama a gindinsu, kuma mutane suna taruwa a nan ne saboda inuwar, ba don wani ya umarce su ba. Ni a wurina ma'aunin dandali shi ne ko tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta sami inda za ta zauna a inuwa da azahar, ko mai goyo za ta sami ruwan sha da makewayi mai tsabta kusa, ko kuma akwai haske da daddare yadda budurwa za ta ratsa hankalinta kwance.

Ɗan Damagaram:
Malama, sukarki tana kan hanya, kuma ni ma da rani nakan ga mutane sun taru a ƙarƙashin layin itatuwan sun bar tsakiyar wayam. Dalilai biyu ake bayarwa. Tashar jirgin da ramukanta suna ƙarƙashin wani sashe na filin, don haka ba ko'ina ne ke da zurfin ƙasar da babban itace zai kafa saiwa ba, sannan an so a bar tsakiyar a buɗe saboda manyan taruka. Amma game da yara da iyaye mata, akwai abin da ya kamata a faɗa don a yi wa aikin adalci. An yi wani wuri da ruwa ke malala a kan daɓen, zurfinsa bai kai idon sawu ba, za ka ga yara sun tuɓe takalma suna gudu a ciki, iyayensu na zaune a kan dogayen bencina na katako suna kallo. An kuma kafa wata rumfa da ake ba da aron kayan wasa kyauta, daga dara irin tasu zuwa kayan ƙananan yara, a yi wasa a nan a mayar. Matasa masu wasa da allo mai tayoyi su ma sun mai da wurin nasu saboda santsin daɓen. A tsohon shataletalen babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu.

Alhaji na Kwari:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne kamar ku, ɗan kasuwa ne, amma maganar ta shafe mu, domin duk lokacin da aka ce za a gyara fili, mu ne farkon waɗanda ake cewa su tashi. Ina tambaya: a wannan dandali ina mai shayi, ina mai tsire, ina 'yan tebur? Idan amsar ita ce babu, to a can ne kawai hakan zai yiwu. A wajenmu duk inda jama'a suka taru ciniki zai biyo su, kuma ba abin kunya ba ne, da shi ake ciyar da gidaje. Mai shayin da ke kunna fitilarsa har tsakar dare yana tsare wuri fiye da yadda ake zato, don ɓarawo ba ya son inda ake zaune ana hira. Idan mai zane bai ware wa masu sana'a wuri tun a takarda ba, ɗayan biyu ne zai faru: ko su mamaye filin har a rasa hanyar wucewa, ko a riƙa korarsu kullum ana kifar musu da kaya. Akwai kuma na uku wanda ya fi muni, wato wata rana a ce filin yana zaman banza, a yanka shi shaguna. Sannan masu kantunan da ke bakin filin, ta ina motar kaya za ta sauke musu dila?

Mai Tsara Birane, Abuja:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ka taɓo inda yawancin zane-zanenmu ke faɗuwa. A Faris sayar da kaya a titi sai da lasisi mai tsauri, shi ya sa a dandalin aka gina gidan shan shayi guda ɗaya kawai. Misalin da ya fi kusa da abin da kake nufi yana Maroko, a dandalin Jama'ul Fana na birnin Marrakesh, wanda UNESCO ta ayyana cikin gadon al'adun duniya a 2001. A can da yamma ake hana motoci shiga, masu abinci su turo kekunansu su kafa rumfuna a jere, kowace da lambarta, masu tatsuniya da makaɗa su kama nasu gefen, da gari ya waye kuma an kwashe an share. Fili ɗaya ne yake aiki iri-iri gwargwadon sa'a. Maganar sauke kaya ma haka ake warware ta a yawancin wuraren da aka hana motoci: a ba da sa'o'in sassafe, a sa turakun da ake iya saukewa, bayan nan a rufe.

Malamin Tarihi, Yamai:
Gaisuwa ga kowa. Ina so in ƙara wani abu daga tarihin wurin, domin yana bayyana dalilin da ya sa aka nace a bar tsakiyarsa a buɗe. Dandalin ya sami siffarsa ne a zamanin Napoleon na Uku, lokacin da Baron Haussmann ke fasa tsofaffin unguwannin Faris yana shimfiɗa manyan tituna. A 1862 aka rushe gidajen wasan kwaikwayo na talakawa da ke titin Temple don a faɗaɗa filin, kuma a bakinsa aka gina babban barikin soja wanda har yau yana nan, dakarun tsaron jamhuriya ne a ciki. Unguwannin gabashin birnin su ne suka saba tayar da bore, don haka fili mai faɗi da bariki a gefensa ba don shan iska aka yi su ba. A 1879 aka sa masa sunan Jamhuriya, a 1883 kuma aka ƙaddamar da mutum-mutumin da 'yan'uwa biyu, Léopold da Charles Morice, suka yi: mace ta tagulla riƙe da reshen zaitun, a ƙarƙashinta siffofi uku na 'yanci da daidaito da 'yan'uwantaka, a gaba kuma zaki yana gadin akwatin zaɓe.

Mu 'yan Nijar wannan fili ya shafe mu kai tsaye. A nan ne Janar de Gaulle ya gabatar da kundin tsarin mulkin Jamhuriya ta Biyar ta Faransa ranar 4 ga Satumba, 1958, kundin da aka yi wa ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga watan a Faransa da ƙasashen da take mulka, inda Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba suka yi kiran a ce a'a, Gini ce kaɗai ta ƙi, Nijar kuma ta zama jamhuriya a cikin ƙungiyar Faransa ranar 18 ga Disamba na wannan shekara. Wurin da ke ɗauke da irin wannan nauyi, barin sa a matsayin tsibiri a tsakiyar motoci sakaci ne na gaske, kuma ina ganin wannan ma ya taimaka wajen samun goyon bayan gyaran.

Barista:
Malam, na gode da wannan bayani, don ya kai mu ga tambayar da ta fi damuna, wato wa ke da ikon zama a filin bayan an gyara shi. Tun da aka buɗe shi ya zama inda mutanen Faris ke nufa idan abu ya faru. Bayan hare-haren ta'addanci da aka kai Faris a 2015 nan aka riƙa taruwa ana ajiye furanni da kyandirori a gindin mutum-mutumin. Daga ranar 31 ga Maris, 2016, masu adawa da sabuwar dokar ƙwadago suka riƙa kwana a wurin suna tattaunawa har tsawon makonni. Amma a daren 23 ga Nuwamba, 2020, lokacin da ɗaruruwan 'yan gudun hijira, yawancinsu 'yan Afganistan, suka kafa tantuna a filin don a ga halin da suke ciki, 'yan sanda sun tarwatsa su da ƙarfi cikin 'yan sa'o'i, har ministan cikin gida na lokacin, Gérald Darmanin, da kansa ya ce hotunan sun tayar da hankali. Daɓen bai canja ba tsakanin waɗannan ranaku, abin da ya bambanta shi ne waɗanda suka zo. Ina kuma tambayar inda marasa matsugunin da Ɗan Damagaram ya ambata a tsofaffin lambunan suka koma, domin gyaran fili ba ya samar wa mutum ɗaki. Duk wani shiri irin wannan ya kamata ya zo da rubutacciyar ƙa'ida da ta fayyace wanda zai ba da izinin taro, da dalilan da za a iya hanawa, da inda mutum zai kai ƙara idan an hana shi.

Injiniya Mai Ritaya:
Barista ya kawo ƙa'ida, ni kuma zan kawo kasafi. Gina fili sau ɗaya ake yi, amma shara da wanke daɓe da canja ƙwan fitila da gyaran famfon ruwa kullum ne. A wannan dandali ma gidan shan shayin ya ƙone a farkon 2015, sai a shekara ta gaba aka sake buɗe shi, kuma a 2016 sai da aka killace mutum-mutumin aka wanke rubuce-rubucen da suka rufe gindinsa. Birnin yana da ma'aikata da kuɗin yin hakan. Na ga maɓuɓɓugan ruwa da yawa a shataletale daban-daban waɗanda suka yi aiki ranar buɗewa kawai, daga baya suka zama matattarar leda da sauro. Idan ba a rubuta wanda zai kula da wurin da inda kuɗin za su fito ba, gara a rage kayan da ke lalacewa tun a zane.

Ɗan Damagaram:
Baba, wani ɓangare na wannan darasi su ma sun ɗauka. Lokacin da Anne Hidalgo, wadda ta gaji Delanoë a 2014, ta ƙaddamar da gyaran wasu dandali bakwai, cikinsu har da Bastille da Nation da Panthéon, kuɗin da aka ware wa kowanne bai kai na Dandalin Jamhuriya ba, kuma a Nation an fara da rufe wasu layukan motoci na ɗan lokaci ana duba yadda abin zai kasance. A Bastille an maimaita dabarar haɗe tsakiyar da gefe ɗaya, aka sada ginshiƙin da ke tsakiya da bakin tashar jiragen ruwa ta Arsenal, a Nation kuwa an faɗaɗa lambun tsakiya an ƙara shuke-shuke, wanda ya yi daidai da abin da Malama ke nema.

Malama 'Yar Katsina:
Na ji daɗin jin haka, amma har yanzu ina da saɓani da Mai Tsara Birane a kan abin da za a fara da shi. Fenti da kujeru ana iya zuba su a dare ɗaya, darbejiya kuwa duk saurin girmanta sai ta yi shekaru kafin mutum ya zauna a inuwarta, kuma a shekarunta na farko tana bukatar shinge saboda awaki da mai ba ta ruwa duk rani. Idan aka yi gwajin rufe fili a watan Afrilu babu inuwa, ƙidayar da Baba Injiniya ke so za ta nuna cewa ba wanda ya zo, sai a ce jama'a ba sa so, a mayar wa motoci. Saboda haka ina ganin a fara dashen tun daminar da ta gabaci gwajin, a kafa rumfunan wucin gadi kafin itatuwan su tasa, a yi ƙidayar kuma a lokuta daban-daban, da safe da azahar da bayan magariba, a rubuta maza nawa, mata nawa, yara nawa. Alhaji, idan da za a ba masu shayi da masu tsire wuri mai lamba a irin wannan fili, kana ganin ƙungiyarsu za ta yarda ta ɗauki nauyin ban ruwan itatuwan da ke kusa da teburansu?

Alhaji na Kwari:
Malama, za su yarda, matuƙar an ba su takarda a hannu da ta nuna wurin nasu ne na shekaru kaza, kuma an kawo famfo kusa. Wanda bai san ko gobe za a tashe shi ba, ba zai yi ɗawainiyar itacen da sai bayan shekara biyar zai ba da inuwa ba. A kira shugabanninsu tun ranar da za a fara zane, a zauna da su a kan tabarma ɗaya, a kuma bar su su nuna inda masu saye suka fi bi, domin sun fi kowa sanin wannan.